Shaidar Fitsari: Tarihin Yadda Aka Koyi Gane Yunwar da Ido Ba Ya Gani

Kowane ɗan makarantar Lahadi ya san labarin Daniyel da abokansa uku a fadar sarkin Babila. Sun ƙi cin abincin sarki, suka roƙi mai lura da su ya gwada su kwana goma da kayan lambu da ruwa kaɗai. Da kwanakin suka cika, mutumin ya dube su, ya dubi sauran samarin, sa'an nan ya yanke shawara. Ba shi da wani ma'auni sai idonsa. Haka kuwa duniya ta zauna shekara fiye da dubu biyu bayansa: in ana so a san ko abinci yana ƙosar da mutum, sai a dubi fuskarsa da fatarsa.

Amma ido yakan makara. Akwai yunwar da ke cin mutum a ɓoye ko da cikinsa a cike yake, kuma kafin ta fito a fata ta riga ta yi watanni tana aiki. Abin da za mu bi a nan shi ne tarihin wata cuta irin wannan, da yadda masana sinadarai suka koyi kama ta tun da wuri ta wurin fitsari, abin da kowa yake zubarwa ba ya waiwaya.

Cutar fata mai kaushi

A shekarar 1735 wani likita mai suna Gaspar Casal ya lura da wata cuta a cikin talakawan manoma na yankin Asturiyas, a arewacin Sifen. Fatar bayan hannu da ta ƙafa da ta wuya, wato duk inda rana take bugu, sai ta yi ja, ta yi duhu, ta tsattsage. Baki da harshe su yi ciwo, zawo ya kama mutum, daga baya hankalinsa ya rikice, da yawa kuma su mutu. Casal ya lura cewa masu ciwon kusan ba su da abinci sai masara. A 1771 wani likitan birnin Milan, Francesco Frapolli, ya rubuta ta da sunan da ƙauyawan Italiya suke kiranta, pelagra, wato fata mai kaushi.

Masara baƙuwa ce a Turai, daga ƙasashen Amurka aka kawo ta. Mutanen Meziko sun yi dubban shekaru suna cinta ba su san wannan cuta ba, gama sukan dafa ta da ruwan farar ƙasa ko ruwan toka kafin su niƙa, wannan kuwa yana kwance wani abin gina jiki da ke ɗaure a cikin ƙwayar. Turawa sun ɗauki irin masarar, suka bar dabarar dafa ta a baya.

Shekara kusan ɗari biyu ana gardama a kan sanadin cutar. Cesare Lombroso na Italiya ya ce dafi ne a cikin masarar da ta lalace. Louis Sambon ya ce wani ƙuda ne yake yaɗa ta. Waɗansu suka ce gado ce ta masu raunin jini. Kowace amsa a cikin waɗannan tana da nauyinta a kan mai ciwon, domin wanda aka ce yana ɗauke da annoba akan guje shi, wanda aka ce cutarsa ta gado ce kuwa akan ƙi auren 'ya'yansa.

Likitan da ya haɗiye fitsarin marasa lafiya

A farkon ƙarni na 20 cutar ta mamaye kudancin Amurka, inda talakawa masu noman auduga suke rayuwa a kan garin masara da kitsen alade da maɗin rake. An ƙiyasta cewa tsakanin 1906 da 1940 mutum wajen miliyan 3 sun kamu, kimanin 100,000 suka mutu. A 1914 gwamnati ta aiki Dokta Joseph Goldberger ya bincika. Abin da ya fara lura da shi shi ne, a asibitoci da gidajen marayu inda cutar ta yi yawa, ma'aikata ba sa kamuwa, ko da yake kullum suna taɓa marasa lafiya. Bambancin yana cikin kwano.

A birnin Jackson na jihar Misisifi akwai gidajen marayu biyu, ɗaya na Metodis, ɗaya na Baftis. Goldberger ya sa aka ƙara wa yaran madara da ƙwai da nama da wake. A cikin yara 172 da suka taɓa yin ciwon, waɗanda aka bi su har shekara guda, ɗaya tak ciwon ya komo wa. A 1915 ya juya gwajin a gonar wani gidan yari: fursunoni 11 suka zauna a kan abincin masara bisa alkawarin za a sake su, bayan wata biyar shida daga cikinsu suka nuna alamun cutar.

Duk da haka masu cewa annoba ce ba su yarda ba. Saboda haka a 1916 Goldberger da abokan aikinsa da matarsa Mary, mutum 16 duka, suka sa jikinsu a gwaji. An yi wa waɗansu allurar jinin masu ciwon. Waɗansu, har da shi kansa, suka haɗiye ƙwayoyin da aka cuɗa da fitsari da bayan gida da ɓawon fatar marasa lafiya. Ba wanda ya kamu. A nan fitsarin mai pelagra ya ba da shaida a fili, shaidar kuwa ita ce babu abin yaɗuwa a cikinsa. Goldberger ya rasu a 1929 bai san sunan abin da ya rasa a cikin abincin ba.

A 1937 ne Conrad Elvehjem na Jami'ar Wisconsin ya gano shi. Ya warkar da karnuka masu ciwon baƙin harshe, wanda shi ne kwatankwacin pelagra a kare, da wani sinadari da ya tsamo daga hanta. Ashe ba sabon abu ba ne, masana sun san shi tun kafin 1880, yana ajiye cikin kwalabe ba wanda ya san amfaninsa ga jiki. Da yake sunansa na fari yana kama da na dafin taba, a 1942 aka raɗa masa sunan niyasin don kada mutane su ji tsoronsa. Shi ne bitamin B3.

Gardamar Gwalkwas

Sanin sunan bitamin bai kawar da wahalar ido ba, labarin da ya faru a yammacin Afirka kuwa ya nuna haka. A 1933 Dokta Cicely Williams, wadda take aiki da yara a Akara ta ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau, ta rubuta bayani a kan wata cuta ta yaran da aka yaye a kan kokon masara: kumburi, zawo, fata mai saɓulewa. A 1935 ta kira ta da sunan da mutanen Ga suke kiranta, kwashiyoko. Dokta Hugh Stannus, wanda ya ga pelagra a kurkukun Zomba ta Niyasaland wajen 1910, ya tashi ya ce wannan ba wata sabuwar cuta ba ce, pelagra ce ta jarirai. Hugh Trowell, likita a Yuganda wanda daga baya ya zama limamin Ikkilisiyar Angilikan, shi ma da fari haka ya ɗauka, sai da ya ga niyasin ba ya warkar da yaran. Gaskiya tana wajen Williams. Ga likitoci ƙwararru uku, suna duban fata iri ɗaya, suna faɗin abu dabam dabam, yara kuwa suna mutuwa ana cikin gardama. Ana bukatar shaidar da ta fi ido.

Don me fitsari?

Jiki ba ya tara niyasin da yawa. In mutum ya ci abin da ya ishe shi, hanta takan ɗauki rarar, ta sāke kamanninta, ƙoda kuma ta tace ta zuwa fitsari. In abinci ya gaza, jiki yakan riƙe ɗan abin da ya samu, abin da ke fita ya ragu ƙwarai. Kamar gida ne: inda rumbu yake cike, kaji sukan sami tsaba a tsakar gida, amma inda hatsi ya kusa ƙarewa, ko ƙwaya ɗaya uwargida ba ta bari ta faɗi. Wanda ya iya duban tsakar gida ya san halin rumbu ba sai ya leƙa ba. Jini kuwa ba ya ba da wannan labari sosai, gama niyasin da ke yawo a ruwan jini kaɗan ne, kuma yana hawa yana sauka bisa ga abin da aka ci ɗazu.

Mai karatu ma ya taɓa ganin irin wannan da idonsa. Wanda ya sha ƙwayar bitamin B ya ga fitsarinsa ya yi rawaya fatau, rarar bitamin B2 ce ya gani tana fita. Ta niyasin dai ba ta da launi, sai da dabara.

Dabarun fari ba su ci nasara ba. A 1937 waɗansu masu bincike suka ce sun sami wani jan launi a fitsarin masu pelagra wanda zai zama alamar cutar, amma ba da daɗewa ba Cecil Watson na Minesota ya nuna cewa sun ɓata wajen gane sinadarin, launin kuma yakan fito a waɗansu mutane dabam. Waɗansu suka nemi niyasin kansa. M. Swaminathan na Kunur a Indiya ya tsara hanya a 1938: a zuba wani sinadari mai dafi da ake kira sayanojin buromaid, a bi shi da anilin, ruwan ya yi rawaya gwargwadon yawan niyasin. Hanyar ta yi amfani wajen auna abinci, amma a fitsari ba ta raba mai lafiya da mai ciwo sosai ba, domin abin da ke fita da kamannin niyasin kaɗan ne. Suna neman baƙo da tufafin da ya shigo da su, alhali ya riga ya sāke riga.

Shuɗin haske a ɗaki mai duhu

A 1940 Victor Najjar, wani likita ɗan Labanan da ke aiki a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ya gano wani abu. Ya bi da fitsari ta cikin wani irin yashi na musamman mai kama sinadarai, ya wanke abin da yashin ya kama da ruwan gishiri, ya zuba ruwan soda mai ƙarfi, ya girgiza da wani sifirit da ake kira butanol. Da ya sa kwalbar a ƙarƙashin fitilar altarabayolet, wato hasken nan da idon mutum ba ya gani, sai ruwan ya ba da shuɗin haske. In mutum ya sha niyasin hasken ya ƙaru. A 1941 Najjar da Emmett Holt suka sanar cewa a fitsarin masu pelagra hasken yakan ɓace. Ba su san mene ne abin ba, sai suka kira shi F2.

A 1943 Jesse Huff da William Perlzweig na Jami'ar Duke suka gane shi. Sunansa metil-nikotinamid, shi ne rigar da hanta take sa wa rarar niyasin. A 1947 suka fito da hanya mafi sauƙi: a haɗa ɗan fitsari da asiton da ruwan soda, a zuba asid, a ɗumama, sa'an nan a auna ƙarfin hasken da na'ura, a gwada da na kwalbar da aka san yawan abin da ke cikinta. A 1946 kuma Knox da Grossman suka tsamo na biyu, wanda ake kira piridon, suka nuna cewa jiki yakan juya na farin zuwa gare shi. Ga mai lafiya, piridon yakan kai na farin yawa ko ya fi shi.

Sauran tambaya ita ce: wanne yake riga, fitsari ko fata? Dokta Grace Goldsmith ta Jami'ar Tulane a Niyu Olins ta amsa wannan a 1952. Ta sa waɗansu mutane a kan abincin masara mai niyasin ƙasa da miligiram 5 a rana, ana tara fitsarinsu ana aunawa. Sinadaran biyu suka yi ta raguwa, piridon ya kusa ɓacewa sarai, sa'an nan bayan kwana wajen 50 alamun cutar suka fara fitowa. Fitsari ya riga fata da makonni. Wannan tazara ita ce dukan amfanin gwajin, gama a cikinta ne za a iya gyara abinci kafin jiki ya lalace.

A cikin shekarun nan an bi sauran bitamin da irin wannan dabara. Leslie Harris a Kambirij ya auna bitamin C a fitsari da wani shuɗin rini wanda bitamin ɗin yake kashe launinsa. B. C. P. Jansen na Holan ya juya bitamin B1 zuwa wani sinadari mai shuɗin haske a 1936. A 1962 Cox da White suka nuna cewa wanda ya rasa bitamin B12 yakan fitar da wani asid da yawa. Wani lokaci ragi ne alamar, wani lokaci kuwa ƙari.

Daga ɗakin gwaji zuwa ƙauye

Akwai wata wahala. Awo mafi kyau shi ne a tara fitsarin sa'a 24 cif, kuma babban mutumin da ya fitar da metil-nikotinamid ƙasa da miligiram 0.8 a yini ana lissafta shi cikin masu rashi. Amma wa zai bi manomi gona da kwalba daga safe har wata safiya? Fitsarin lokaci guda kuwa yakan yi kauri ko ya tsinke bisa ga ruwan da aka sha da zafin rana. Mafita ta zo daga wani sinadari da ake kira kiriyatinin, wanda tsoka take fitarwa kusan daidai wa daida kowace rana. Max Jaffé ya gano hanyar ba shi launi a 1886, Otto Folin kuma ya mai da ita awo a 1904. In aka auna rarar niyasin a kan kowane giram na kiriyatinin, an rage ruɗin ruwa. Da haka wani kwamitin gwamnatin Amurka da aka kafa a 1955 ya auna jama'a a ƙasashe da dama, har da Habasha a 1958 da Nijeriya a 1965. A ma'auninsu, ƙasa da miligiram 0.5 a kan giram ɗaya rashi ne.

Daga wajen 1970 aka sami na'urar rarrabe sinadarai mai aiki da matsin ruwa. Ana tura ɗigon fitsari ta wani siririn bututu cike da gari mai laushi. Kowane sinadari yana da irin jinkirinsa a ciki, kamar ayarin da ya bar gari tare, mai doki ya riga isa zango, mai jaki ya biyo, mai ƙafa ya zo daga baya. A bakin bututun akwai idon na'ura mai lura da lokacin isowar kowa da yawansa. A 1988 Katsumi Shibata na Japan ya nuna yadda za a auna dangin niyasin da yawa a tashi ɗaya ta wannan hanya. Yanzu kuma akan haɗa ta da wata na'urar mai auna nauyin ƙwayoyin sinadari, wadda take gane abu ko da ya yi ƙanƙanta ƙwarai.

Malawi da Angola

Kada mu ce wannan labarin da ne. A 1990, a kudancin Malawi, ƙasar da Stannus ya ga cutar shekara 80 kafin nan, an lissafta mutum 18,276 masu pelagra a cikin 'yan gudun hijirar Mozambik 285,942, tsakanin Fabrairu da Oktoba. Mata sun fi maza kamuwa kusan ninki takwas. Abin da ya faru shi ne, gyaɗar da ake raba musu tare da masara ta yanke watanni kafin nan. Waɗanda suke da ɗan lambu ko suke samun gyaɗa ko kifi sun fi tsira. An shawo kan annobar da ƙwayoyin bitamin da garin masara da aka ƙara wa niyasin, amma sai bayan da ta fito a fatar dubban mutane.

A Kwito ta ƙasar Angola cutar ta ɓarke a 1999, ana cikin yaƙi. Bayan yaƙin ya ƙare, Andrew Seal da Paul Creeke na Landan suka gyara hanyar awo don ta yi aiki da fitsarin lokaci guda, aka bincika jama'ar yankin a 2004. Matan da cutar ta fito musu a fata ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, amma fitsari ya nuna kusan uku cikin goma suna da ƙarancin niyasin. Da ido kaɗai aka bi, da an ce lafiya lau.

Gwajin yana da iyakarsa. Yana nuna abin da aka ci a kwanakin baya ne, mace mai ciki takan fitar da fiye da saura, kuma awo guda na mutum guda ba ya isa a yanke hukunci. Ya fi amfani wajen sanin halin gari ko sansani duka. Na'urar tana da tsada, tana bukatar lantarki da ƙwararru, fitsarin kuma sai an adana shi da sanyi. Saboda haka a ƙananan asibitoci likita har yanzu yakan dubi fata, ya tambayi abinci, ya ba da magani ya ga ko za a sami sauƙi.

Abin da ya shafe mu

'Yan'uwa, masara ba abokiyar gaba ba ce, kuma a wurare da yawa da kakanninmu suka rayu a kan gero da dawa, yau ita ce a tukunya. Hatsarin yana inda ta zama ita kaɗai, safe da dare, wata da watanni, kamar a lokacin bazara sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ko a sansanin gudun hijira, ko a makarantar kwana da kuɗi ya gaza. Namiji babba yana bukatar niyasin wajen miligiram 16 a rana, mace 14. Giram 100 na gyaɗa yana da kimanin 12. Wake, kifi, nama, nono da ƙwai su ma suna taimako, gama jiki yana iya yin niyasin daga wani sashe na abincin gina jiki. Mashayin giya yana cikin hatsari, haka kuma waɗansu masu shan isoniyazid, maganin tarin fuka. Wanda ya ga alamun kada ya daina magani da kansa, sai ya koma wurin likita.

Sa'ad da almajirai suka ga makahon nan, tambayarsu ita ce laifin wa, nasa ko na iyayensa, Ubangijinmu kuwa ya ƙi ɗora wa kowa. Shekara ɗari biyu aka yi ana ɗora wa masu pelagra laifin ƙazanta da mugun jini, har sai da Allah ya ba waɗansu mutane haƙurin zama da kwalaben fitsari, aka ga cewa yunwa ce. Gidajen marayun nan biyu na Jackson na ikkilisiya ne, masu lura da su kuma ba mugaye ba ne, sun ga yara suna ƙoshi suka zaci ya isa. Mu da muke riƙe da makarantu da gidajen marayu, mu da muke raba hatsi a shekarar fari, bari mu tambayi abin da ke cikin kwano kafin fata ta faɗa mana. In an kai buhun masara, a haɗa da na gyaɗa ko na wake, a kuma tabbata rabon mata ya kai bakinsu.